Sunan da Ɗanladi Ya Faɗa

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina kuma abokin sana'ata, Sunday, wanda kaf Sabon Gari ba a san shi da wani suna ba sai Ɗanladi. Annobar korona ce ta ɗauke shi, cikin watan azumi na shekarar da aka kulle gari. Na san cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda za su taɓe baki su ce ai korona ba ta kashe kowa ba a ƙasar nan, ƙarya ce aka shirya don a ci kuɗi. Ba zan ja da su ba, na gaji da wannan gardamar tun tuni. Ni dai na tsaya daga nesa a maƙabartar Kiristoci, na ga an zura mutumin da muka yi shekara ashirin muna raba ofis cikin rami, a naɗe cikin leda, matarsa ba ta ko samu taɓa shi ba.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa. Dalili kuwa, ba a iya ba da labarin ƙarshen Ɗanladi ba tare da an taɓo sirrin wani ba, mu kuma akantoci ba mu da jarin da ya wuce riƙe sirri. Bana na yanke shawarar rubutawa. Zan sauya sunan mutumin da zancen ya shafa, ba kuma zan faɗi irin kayan da yake sayarwa ba. Waɗanda suka san maganar sun riga sun sani. Waɗanda ba su sani ba, ba daga bakina za su ji ba.

Ɗanladi Bayarabe ne a jini, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne da aiki ya kawo Zariya, ya zauna har ya mutu a nan. Hausar Ɗanladi ta fi tawa gishiri, ni da na tashi a cikin birni, kuma bai taɓa barin in manta da haka ba. A wurin karatun aikin akanta muka haɗu. Da muka gama, kowa ya ɗan taɓa aikin wani ya ga ba riba, sai muka haɗa 'yan kuɗinmu muka kama ɗaki biyu a saman wani bene a Samaru. Ƙasanmu shagon buga takardun ɗalibai ne, inda injin ba ya hutawa daga safe har yamma. Ni ne mai zaman ofis, mai kwamfuta da takardun haraji. Shi ne mai yawo: kasuwar Sabon Gari, garejojin Chikaji, masu gidajen haya na Samaru, 'yan kemis, ƙananan makarantun kuɗi. Yana kirana Malam Kujera, wai ko gobara ce ta tashi sai na gama shafin da nake kai kafin in miƙe. Ni kuma ina ce masa Sarkin Yawo.

Wanda bai san 'yan kasuwarmu ba zai ɗauka ɗaukar akanta abin alfahari ne, alamar an samu ci gaba. A wurin wasu haka ne. Amma shaguna da yawa a kasuwar Sabon Gari gado ne da ba a raba ba. Uba ya mutu, wa da ƙane sun ci gaba da zama a rumfa ɗaya, kowa na zura hannu a aljihun tebur ɗaya, ba mai tambayar wani. Ranar da aka ji ɗayansu ya kira akanta ya duba masa kaya da ciniki, fassara ɗaya ake yi wa abin: yana zargin ɗan'uwansa da ci, ko yana shirin cewa a raba. Wannan kuwa magana ce da ke rusa gida. Saboda haka masu irin wannan buƙata a ɓoye suke zuwa. Wani zai aiko da rasitai cikin buhun albasa. Wani zai ce idan kun haɗu a kasuwa kada ka gaishe shi. Ɗanladi ya ƙware a wannan. Zai wuce mutumin da suka yini tare jiya ko kallo bai ishe shi ba, alhali shi mutum ne da ko akuya ya gani sai ya tambaye ta gajiya. Alkawarinsa ga kowa ɗaya ne: "Ko matata ba za ta ji ba." Ni kaina akwai waɗanda na yi shekaru ina yi wa aiki ban san sunansu ba. Zai dai ajiye min takardu ya ce na mutuminsa ne, in yi, in ba shi ya mayar.

A kan wannan shirun muka gina ofishin. Ba mu fi kowa iya lissafi ba, akwai manyan ofisoshi a Kaduna da suka fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ake saye a wurinmu shi ne bakin Ɗanladi da ba ya buɗewa.

Da annobar ta zo aka rufe jami'a, Samaru ta mutu murus. Ɗalibai suka watse, masu gidajen haya suka zauna da ɗakuna wayam, masu abinci suka kife tukwane, injin da ke ƙasanmu ya yi shiru har na riƙa kewar ƙararsa da na yi shekaru ina tsine wa. Aka kafa dokar kulle, sai 'yan kwanakin da ake buɗewa a fita a sayi abinci. Muka rufe ofis, na ɗauke kwamfuta na kai gida. Aiki bai tsaya ba, sai dai ya sauya kama. Da mutane na zuwa su ji nawa suka samu. Yanzu waya suke yi su ji ko za su kai watan gobe. Na tuna wata mai makarantar kuɗi a Palladan da ta kira tana kuka, tana so a gaya mata malamai nawa za ta sallama. Ɗanladi ya yini a waya da ita, ya nemo mata hanyar da kowa zai karɓi rabin albashi ba a kori ko ɗaya ba. Bai karɓi ko sisi ba. Da na yi ƙorafi cewa mu ma muna da ciki, sai ya ce, "Malam Kujera, idan suka mutu wa za mu yi wa lissafi?" Ban ji daɗin amsar ba.

Cikin mutanen ɓoye na Ɗanladi akwai wanda zan kira Alhaji Mudi. Shi da yayansa suke da babban shago da mahaifinsu ya bari, kuma gida ɗaya suke zaune, babban gidan gado, da matansu da 'ya'yansu da mahaifiyarsu, Hajiya, tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini. Alhaji Mudi ya daɗe yana jin shagon na zubewa ta wani wuri, yana so ya san gaskiyar lamarin kafin ya buɗe baki. Kulle ya tsananta masa damuwa, ya matsa lallai sai sun zauna da Ɗanladi. Ofis a rufe yake. Gidan Alhaji ba zai yiwu ba. Gidan Ɗanladi kuwa a tsakiyar Sabon Gari yake, inda kowa ya san motar kowa. A waya kuma Alhaji ba ya yarda ya ambaci lamba ko ɗaya, ya ce waya tana da kunne.

Sai suka yi abin da kowane mai hankali a wancan lokaci zai ce kada a yi. A ɗaya daga ranakun da aka buɗe gari, Alhaji ya ɗauki Ɗanladi a motarsa mai baƙin gilashi, suka sami gefen hanya wajen Palladan suka tsaya. Rana ta take, ga azumi. Maimakon su zauna gindin bishiya inda iska ke kaɗawa, sai suka ɗage gilasai duka, aka kunna na'urar sanyi, kada wani ya gani, kada wani ya ji. Takunkumin ma suka janye shi ƙasan haɓa, don Alhaji da raɗa yake magana, ba a jin sa ta bayan ƙyalle. Haka suka zauna kai da kai a kan takardu tun bayan azahar har rana ta yi sanyi. Abin da ya tashe su, Alhaji ya duba agogo ya ce dole ya tafi, Hajiya ba ta kai kunu baki sai ya zo. A ɗakinta yake buɗa-baki kullum, shi ke miƙa mata dabino da hannunsa.

Har yau ban san wanda ya shafa wa wani ba, kuma ban ga amfanin sani ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe Ɗanladi, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, numfashi ya fara yi masa nauyi. Shi da kansa ya kira ma'aikatan lafiya, a lokacin da mutane ke ɓoye tari kamar kayan sata. Gwaji ya nuna yana da ita, aka kai shi wurin killace masu cutar. Abu na farko da suka nema a wurinsa shi ne sunayen duk waɗanda ya zauna da su a kwanakin baya, don a bi su a gwada.

Ya ba da sunan iyalinsa, ya ba da nawa, don na kai masa takardu ƙofar gida a makon. Sauran kuwa ya ce a ba shi lokaci. Ya ɗauki waya ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu da bakinsa cewa ya kamu, yana neman izininsu kafin ya ambace su. Mutumin da ke jan numfashi da ƙyar, a kan wannan ya riƙa ƙarar da shi. Wasu suka zage shi, wasu suka yi masa addu'a, amma a ƙarshe duk suka yarda. Saura mutum ɗaya.

Duk abin da ya gudana tsakaninsa da Alhaji Mudi, daga bakin Ɗanladi na ji, lokacin bai ma gaya min ko wane ne ba. Ya ce da Alhaji ya ɗauki waya, tari ne ya fara gaishe shi. Ya roƙe shi ya je a gwada shi da kansa, ba sai ya faɗi inda ya samo ba. Ya roƙe shi ko gwajin ba zai yi ba, ya daina shiga ɗakin Hajiya. Alhaji ya ce zazzaɓin sauro ne da wahalar azumi, korona ciwon masu hawa jirgi ne. Ya ce in ya daina shiga wurin mahaifiyarsa a watan azumi, me zai ce wa yayansa, me zai ce mata? Sannan ya ce, "Ɗanladi, ka yi min alkawari. In ka ambaci sunana ban yafe ba, duniya da lahira." Ya kashe wayar, bai sake kunnawa ba.

Da hantsi Ɗanladi ya kira ni. Ina killace a ɗakin baƙi na gidana, ana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Muryarsa ta dushe, yana magana yana tsayawa. Ya ba ni labarin motar, da tsohuwar, da buɗa-bakin. Sannan ya ce, "Malam, a addininku, idan mutum ya ba ka amana, riƙon amanar kuma zai iya kashe wani, yaya ake yi?"

Na ce, "Rai ake fara ceto. A naku fa?"

"Haka yake a namu." Ya yi tari mai tsawo. "Amma ka san abin da zai sami ofis."

Na ce na sani.

Ya ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Rabi naka ne. Shi ya sa na kira ka."

Na tuna 'ya'yana da kuɗin makarantarsu, na tuna shekaruna, na san ba ni da wata sana'a. Na kuma ji haushi, ba zan ɓoye ba, haushin Alhajin da ban sani ba, da haushin Ɗanladi da ya yarda ya shiga motar, da haushin wannan hali namu na gwamma a mutu da a ji. Na ce masa, "Faɗi sunan." Ya ce ya gode, kamar wani alheri na yi masa.

A ranar motar ma'aikatan lafiya ta tsaya ƙofar gidan su Alhaji Mudi. Wanda ya ga irin wannan zuwa a wancan lokaci ya san yadda yake: mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, unguwa duka a tsaye tana kallo ta kan katanga. Yayan Alhaji ya fito yana faɗa, ya ce ƙanensa daga gida sai shago, ina zai haɗu da mai wannan ciwo? Ɗaya daga ma'aikatan, ba da wata mugunta ba, don dai ta kwantar masa da hankali cewa ba kuskure aka yi ba, ta ce akantan da suka yi aiki tare a mota ne ya ba da sunansa. Ita ba ta san abin da ta faɗa ba. Duk wanda ke tsaye a wurin ya sani.

Aka gwada gidan. Aka ɗauke Hajiya aka kai ta gidan 'yarta, aka ware mata ɗaki. Kafin sakamako ya fito, labarin rigimar 'yan'uwan ya riga ya zagaye kasuwa, duk da kasuwar a rufe take. An ce yayan ya rantse ba zai sake zama inuwa ɗaya da wanda ya ɗauko bare ya binciki aljihunsa ba.

Maganarmu ta ƙarshe da Ɗanladi gajeruwa ce. Ya tambaye ni, "Hajiyar fa?" Na ce sakamakonta bai fito ba. Ya ce, "Yayan ya ji?" Na so in kauce, amma shekara ashirin ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ma ya san muryata. Na ce ya ji. Ina ta jin ƙarar numfashinsa a wayar. Can ya ce, "Na raba 'yan'uwa ke nan." Na ce ba shi ya raba su ba, na kawo hujjoji iri-iri. Ban sani ba ko ya saurara. Washegari aka ɗora masa na'urar numfashi, bai sake iya magana da kowa ba.

Sai bayan an binne shi sakamakon ya fito. Alhaji Mudi yana da ita, da matarsa ɗaya da yaransa biyu. Hajiya ba ta kamu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk labarin, ya fi ledar, ya fi tsayuwar nesa. Ɗanladi ya tafi da labarin ɓarnar a kunnensa, bai ji ɗaya rabin ba.

Alhaji Mudi ya warke. Aka raba shagon da tsiya-tsiya, aka ja katanga a tsakiyar gidan gado. Mu kuma namu rabon ya biyo baya. Kafin a buɗe gari sosai, magana ta game Sabon Gari cewa ofishin su Ɗanladi ba ya riƙe sirri. Da ta ƙara tafiya sai ta yi ƙiba: wai kafin ya mutu ya miƙa wa hukumar haraji sunayen duk mutanensa. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda mai kwance da robar iska a hanci zai yi wannan. Mutane suka riƙa hawowa benen suna karɓar takardunsu. Wasu ko zama ba sa yi. Wani mai sayar da kayan gyaran mota a Chikaji, wanda Ɗanladi ya taɓa fitarwa daga babbar matsala, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula ya ce, "Malam, abeg, don Allah kada ka ji haushi. Ni ba ni da matsala da ku. Amma ka san kasuwa." Na san kasuwa. Na miƙa masa kayansa na ce ya gaida gida. Mutanen ɓoye kuwa ko zuwa ba su yi ba, don ni ban san su ba, su ma sun gwammace a bar shi a haka.

Kafin shekara ta zagayo na mayar wa mai gida ɗaki ɗaya. Rabon da nake kai wa matar Ɗanladi, Maman Tope, ya yi ta ƙanƙancewa har na fara jin kunyar miƙawa. Matar da a da ba ta san komai ba sai ɗinkinta na sha'awa da ƙungiyar mawaƙan coci, ta kafa tebur a ƙofar gida tana soya fanke da safe, tana sayar da sabulu da magi. Tope, babban ɗansu, ya ajiye karatu na wani lokaci ya shiga gareji. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Ta san dalilin, don na gaya mata komai bayan an yi bikin binnewa na coci da aka jinkirta. Ta saurara, ta ce to, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ba na so mai karatu ya tashi da cewa Alhaji Mudi mugun mutum ne. Na yi fushi da shi shekaru, yanzu fushin ya sauka ya zama wani abu mai kama da tausayi. Abin da ya ji tsoro shi ne ya faru, bai ragu da komai ba. Ya rasa yayansa alhali yayan na raye, 'ya'yansu da suka tashi a tsakar gida ɗaya yanzu ba sa gaisawa. Idan ya hango ni a kasuwa yana sauya layi, ni ma ba na bin sa. Kuma ba wanda zai iya dafa littafi ya rantse cewa da motar nan ba ta zo ba Hajiya za ta kamu, ko in ta kamu za ta mutu. Wataƙila da ta tsira haka nan. Mu da aikinmu shi ne kada mu yarda da abin da ba shi da shaida, ga shi babban aikin da abokina ya yi a rayuwarsa ba shi da ita. Asarar kowa ya gan ta da ido. Abin da aka tsare kuwa bai faru ba, don haka ba mai iya nuna shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Samaru ta yau. Ɗalibai sun dawo sun fi da yawa. Bokitan wanke hannu masu famfo da aka tilasta wa kowane shago ajiyewa, yanzu da su ake sayar da zoɓo da kunun aya. A cikin keke mutum zai yi maka tari a fuska, in ka kawar da kai ya ji haushi. Na tabbata da zai yi dariyar bokitan, don shi komai sai ya samo masa abin dariya. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji da ya ga 'yan kasuwar da ke ɓoye rasiti cikin buhun albasa, yau duk cinikinsu ta waya yake bi, banki ya san abin da suka samu kafin su kai gida, yaron shago ya san lambar sirrin maigida. Sirrin da aka ce Ɗanladi ya tona, aka kashe masa suna a kai, yanzu kowa da hannunsa yake miƙa shi ga wanda bai taɓa gani ba. Ina jin da zai girgiza kai ya ce in tashi daga kujera mu je mu sha shayi. Amma tsoron kunya bai canza ba. Da wata annobar za ta zo gobe, Allah ya kiyaye, na san za a sake samun masu ɗage gilashi.

Abin da ya rage nasa a ofishin ba shi da yawa. Teburinsa ya tafi da ɗakin da na mayar. Sai dai tun daga wancan lokaci, duk wanda ya hawo benen da sabon aiki, kafin ya buɗe jakarsa nakan gaya masa magana ɗaya. Nakan ce sirrinsa na nan a rufe, ko matata ba za ta ji ba, sai fa in riƙon sirrin zai ci ran wani, to ranar zan faɗa. Wasu su yi dariya su ce Malam, lissafi ne fa ba asibiti ba. Wasu su rufe jakar su ce za su dawo, ba sa dawowa. Matata ta ce ni nake korar abincina da bakina, kuma gaskiyarta ne. Amma na ga abin da alkawarin da ba shi da iyaka ya yi wa mutumin kirki yana kwance yana neman iska, ba zan ɗauki irinsa ba.

Hajiya ta rasu bara waccan, cikin barcinta, da tsufanta. Na je jana'iza ba tare da an gayyace ni ba, na tsaya a sahun baya. 'Ya'yanta biyu suna sahun gaba, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan. A wurin zaman makoki na ji ana ta lissafa ni'imar da Allah ya yi mata a ƙarshen rayuwa: ta aurar da jikokinta mata biyu, ta ɗauki tattaɓa-kunnenta a cinya, an sa wa jaririyar sunanta. Kowa na cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe. Na ce amin tare da su. Ba wanda ya ambaci Ɗanladi, ni ma ban ambace shi ba, don ba wurin ba ne. Na sha ruwa na yi sallama.

Daga can ban koma Samaru ba, na sa mai keke ya kai ni Sabon Gari. Na tarar da Maman Tope tana kwashe kayan teburinta, don hadari ya haɗo. Ta kawo min benci, muka gaisa, ta tambayi matata, Maman Aisha, da yara. Na ce mata daga jana'iza nake, tsohuwar nan ce ta rasu. Ba ta tambayi wace tsohuwa ba.

Ta ce, "Ta san sunansa?"

Na ce ban jin an taɓa gaya mata.

"Shi ma bai taɓa ganin fuskarta ba," in ji ta. Ta ci gaba da jera sabulai cikin kwali, ɗaya kan ɗaya. Can ta ɗago. "Baban Aisha, shekara nawa ta ƙara a duniya?"

Na ce uku da ɗoriya. Na gaya mata bikin jikokin, da jaririyar da aka sa wa sunanta.

Ta ajiye sabulun da ke hannunta. Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen zani, kuma wannan ne karo na farko da na ga hawayenta tun ranar maƙabarta.

Ta ce, "To. Ashe ba a banza muka talauce ba."

Aka fara yayyafi. Na kama mata gefen teburin muka shigar da shi soro.